Hoton da Aka Tare a Hanya Tsakanin Wata da Mosko

Tambayi duk ɗan Jihar Neja da ya zauna a aji me ya faru ranar 3 ga Fabrairu, zai ce maka ranar ce Janar Murtala Muhammad ya yanke musu jiha a 1976, Minna ta zama babban birni. Ya yi gaskiya. Amma mai karatu, ja da baya shekara 10 cif, ka tsaya a 3 ga Fabrairun 1966, ranar Alhamis. A daren nan, wajen ƙarfe takwas saura kwata agogon Najeriya, ladanai na shirin kiran isha'i, wani abu da hannun ɗan Adam ya ƙera ya sauka a kan wata bai tarwatse ba, karo na farko a tarihi. Watan kuwa yana nan a gabas, saura kwana biyu ya cika, yana haska rufin tashar jirgin ƙasa ta Minna. Da kana tsaye a tashar a daren, za ka ɗaga kai?

Ba na jin za ka ɗaga, kuma ba zan ga laifinka ba. Ba a cika mako uku ba da sojoji suka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna cikin watan azumi, suka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, mulki ya koma hannun Janar Ironsi. An yi ƙaramar salla da hawaye. Minna a lokacin garin reluwe ce a Lardin Neja, inda layin Baro ya haɗu da layin Ikko zuwa Kano, kuma duk wanda ya kara kunne a rediyo labarin ƙasarsa yake nema. Sai dai akwai wasu mutane can nesa da su ma suke cikin makoki a makonnin nan, kuma su idonsu na kan watan.

Kwana ɗaya tak kafin a kashe Sardauna, ranar 14 ga Janairu, wani mutum mai suna Sergei Korolev ya rasu a ɗakin tiyata a Mosko. Shi ya jagoranci harba tauraron ɗan Adam Sputnik a 1957, shi ya tura Yuri Gagarin sararin samaniya a 1961, amma gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta ɓoye sunansa har sai da ya mutu. A zamanin Stalin an taɓa jefa shi sansanin bauta na Kolyma, ya fito da lafiyarsa a raunane, ya koma ya yi wa ƙasar da ta ɗaure shi aiki har ƙarshen ransa. Akwai buri guda da ya ƙi cika masa: ya sauke kumbo a kan wata salun-alun, kumbon ya aiko da hoto.

Me ya sa hoto? Domin a lokacin babu mahalukin da ya san irin ƙasar da ke can. Ana hango duwatsu da ramuka ta madubin hangen nesa, amma ko ƙasar za ta ɗauki nauyi? Wani masani a Jami'ar Cornell ta Amurka, Thomas Gold, ya daɗe yana cewa filayen wata cike suke da ƙura mai laushi, kuma mutane da yawa sun ji tsoron za ta haɗiye duk abin da ya taka ta. Amurka ta riga ta yi alkawari, ta bakin Shugaba Kennedy, cewa za ta kai mutum wata kafin 1970. Ka ga ke nan maganar rai ce. Ana ba da labarin cewa a wani zama da gardama ta ƙi ƙarewa, kowane masani yana gudun ɗaukar alhaki, Korolev ya jawo takarda ya rubuta cewa a ƙera kumbon bisa cewa ƙasar wata mai tauri ce, ya sa hannu. Mutumin da ya san ɗanɗanon kurkuku ya rattaba sunansa a kan abin da ba wanda ya taɓa gani. Kai fa, mai karatu, da an miƙo maka alƙalamin, za ka karɓa?

Sa hannu bai sauke kumbo ba. Daga Janairun 1963 zuwa Disamban 1965, sau 11 suna gwadawa, sau 11 suna shan ƙasa. Wasu rokokin ko fita daga kewayen duniya ba su yi ba, irin waɗannan kuwa gwamnati kan yi shiru da bakinta, ko ta laƙaba musu wani suna dabam don kada a gane wata suka nufa. A shekarar 1965 kaɗai, kumbon Luna 5 ya rabka da ƙasar wata a Mayu, Luna 6 ya wuce ta gefe da nisan kilomita kusan 160,000 a Yuni, Luna 7 ya farfashe a Oktoba, Luna 8 ya bi sahunsa a Disamba. Ana cikin haka aka miƙa aikin ga wata ma'aikata dabam, ƙarƙashin wani injiniya da ya taso a aikin rediyo, Georgy Babakin. Kumbonsa na farko shi ne na 12 a jerin. Aka harba shi daga Baikonur ranar 31 ga Janairu, 1966, kwana 17 bayan rasuwar Korolev, aka sa masa suna Luna 9.

Tsaya ka ji yadda aka tsara saukar, domin a nan dabarar take. Wata ba shi da iska, saboda haka laimar sauka ba ta da amfani. Kumbon ya nufo ƙasa da gudun da ya haura kilomita 2 da rabi a daƙiƙa ɗaya. Saura kilomita 75, injin birki ya kama da wuta, ya ci kusan duk gudun nan cikin ƙasa da minti ɗaya. A gindin kumbon akwai sanda mai tsawon mita 5. Tana taɓa ƙasa, sai kumbon ya cilla abin da yake goye da shi gefe: wata dunƙulalliyar na'ura mai nauyin kilo 99, girmanta bai wuce babban tulun ruwa ba, an naɗe ta cikin jakunkunan iska. Ta faɗi, ta yi tsalle, ta gangara, ta tsaya. Jakunkunan suka rabu da ita. Bayan minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi, murafai huɗu suka buɗe suka daidaita mata zama, eriyoyi suka miƙe, ta fara magana da duniya. Ba ta nutse ba.

A kanta akwai 'yar kyamara wadda ba ta ɗaukar hoto farat ɗaya. Wani ƙaramin madubi ne ke lilo sama da ƙasa yana juyawa a hankali, yana karanta haske layi bayan layi, na'urar tana mayar da hasken sauti, tana aiko shi ta rediyo. Kafin ta zagaye wurin gaba ɗaya sai ta ci kusan minti 100. Aka jira rana ta ɗan ɗaga a can, washegari 4 ga wata hotuna suka fara sauka a tashar Rashawa da ke Kirimiya. Injiniyoyi suka ga abin da ba idon da ya taɓa gani. Amma a Tarayyar Sobiyet hoto irin wannan ba ya fita sai manya sun duba sun amince. Mosko ta sanar da duniya cewa an sauka, hoto kuwa shiru. Abin da ba su sa a lissafi ba shi ne, muryar rediyo ba ta san iyakar ƙasa ba.

A Ingila, kudu da birnin Manchester, akwai wani wuri cikin gonaki da ake kira Jodrell Bank. Jami'ar Manchester ta kafa wani katafaren dish a wurin, faɗinsa mita 76, don sauraron taurari. Shugaban wurin, Sir Bernard Lovell, ya sha wuya kafin a gama shi a 1957, don kuɗin ginin ya zarce kasafi ƙwarai, bashi ya yi masa katutu. Sputnik ne ya fitar da shi kunya, da dish ɗin ya gano rokar da ta harba shi tana kewaya duniya. Rashawa sun san da shi sarai. Hasali ma a 1959, da suka ga Turawan Yamma na shakkar labarin kumbunansu, su da kansu suka aika wa Jodrell Bank bayanin inda kumbonsu Luna 2 yake, don baƙo ya shaida cewa ya isa wata. Sauraron sama ba baƙon abu ba ne ko a ƙasarmu a shekarun nan, don Amurkawa sun kafa tasha a Kano, ta nan aka bi sawun John Glenn lokacin da ya kewaya duniya a 1962.

To, mutanen Lovell sun juya dish ɗinsu ga wata, suna jin ƙarar Luna 9. Can sai ƙarar ta sauya, ta koma wani irin kuka mai hawa da sauka a kan tsari. Wani daga cikinsu ya kasa kunne, ya ce ai ya san wannan sautin. Irinsa ne injin da gidajen jarida ke aika wa juna hoto ta waya yake yi! Wato kumbon da ya fi kowane sirri a Tarayyar Sobiyet yana aiko da hotunansa ne da tsarin da duk wata babbar jarida a duniya take da injin karanta shi, babu kulle, babu ɓoyo.

Wa ke da injin a kusa? Jaridar Daily Express tana da ofis a Manchester. Aka buga waya. Ɗan jarida kuwa ba a kiransa sau biyu a kan irin wannan. Suka ɗoro injin a mota, aka haɗa shi da na'urorin dish, takarda ta fara juyawa, ɗigon haske yana bin ta layi bayan layi. Da aka fito da ita, ga duwatsu, ga tsakuwa, ga dogayen inuwoyi, ga wani ɓangare na jikin na'urar, ga baƙin sama a bayansu. Fuskar wata ce daga tazarar taku ɗaya.

Yanzu zauna a kujerar Lovell. A hannunka akwai hoton da duniya ke jira. Ba kai ka ƙera kumbon ba, ba ka yi asarar ko ɗaya cikin 11 ɗin da suka lalace ba, ba ka binne shugabanka makonni uku da suka wuce ba. Amma ba ka fasa ɗakin kowa ba, daga sama abin ya zo, kuma masu shi ba su ɓoye zangon rediyon da yake magana a kai ba. 'Yan jarida sun cika maka ƙofa, masu injin suna tsaye a kanka. Za ka kulle hoton a aljihun tebur ka jira Mosko, wadda ba ka san ranar da za ta ga dama ba? Ko za ka ce ilimi na kowa ne? Me za ka yi, mai karatu?

Lovell ya saki hoton. Ranar Asabar 5 ga Fabrairu ya fito a shafin farko na Daily Express, daga nan ya bazu a jaridun duniya, Rashawa ba su nuna wa mutanensu nasu ba tukuna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Mosko rai ya ɓaci, har wani babban masaninsu, Anatoly Blagonravov, ya fito ya yi ƙorafin cewa neman suna ne ya sa aka yi wannan gaggawa.

Kuma ga inda labarin ya yi kwana. Hoton da duniya ta yi ta kallo tana mamaki a karkace yake! Injin jaridar ya jera layukan kusa da juna fiye da yadda kyamarar ta ɗauke su, sai hoton ya matse ta gefe kusan ninki biyu da rabi. Ƙananan duwatsu masu faɗi suka zama dogaye masu tsini. Fili mai ɗan shimfiɗa ya koma wuri mai ban tsoro. Mutanen Jodrell Bank ba su da yadda za su sani, domin ba wanda ya gaya musu ma'aunin kyamarar, kuma babu wani hoton ƙasar wata da za su gwada da shi. Masana suka yi ta sharhi a kan siffar da injin jarida ya ƙirƙira. Sai da Rashawa suka fitar da nasu a daidai ma'auni, sannan aka ga wurin yadda yake. Hoton gaskiya ne, daga wata ya zo, ba wanda ya yi niyyar ruɗin kowa, amma duk da haka abin da ya nuna ba haka yake ba. Sauri ya haifi nawa.

A ganina Lovell ya yi gaggawa, kuma injiniyoyin Babakin sun cancanci su fara nuna wa duniya aikin hannunsu. Amma babban alhakin yana wuyan masu mulkin da suka zauna a kan hoton suna jiran sa hannu. Su suka saba ɓoye faɗuwa, har ɓoyon ya zame musu jiki, ranar nasara ma suka kasa sakin hannu. Akwai ma masu hasashen cewa injiniyoyin da gangan suka zaɓi tsarin da kowa zai iya karantawa, ko don dish ɗin Ingila ya fi nasu ji, ko don sun san halin manyansu. Hasashe ne. In kuwa haka ne, ka ga mutanen da suka yi wa gwamnatin da ake tsoro dabara a gaban idonta.

Luna 9 ya yi kwana uku yana aiki, batirinsa ya ƙare ranar 6 ga Fabrairu. Tsakanin hoto da hoto ya ɗan zame, kyamarar ta sauya karkata, wannan ya ba masana damar auna nisan duwatsun. Amsar da ake nema dai ta samu: ƙasar wata na ɗaukar kaya. Ranar 2 ga Yuni na shekarar, kumbon Amurka Surveyor 1 ya sauka a kan ƙafafunsa uku, ya aiko da hotuna sama da 11,000. Bayan shekara uku, a Yulin 1969, Neil Armstrong ya taka ƙasar da Korolev ya sa hannu a kanta.

Yau fa? Yau a Minna hoton wata yana shigowa wayar ɗan acaɓa a Kpakungu a daidai lokacin da yake shiga wayar farfesa a Gidan Kwano. Zauna a teburin mai shayi a Tunga ko Bosso ranar da irin wannan labari ya fito, za ka ji yadda ake karɓarsa. Wani zai leƙa ya ce, "Duwatsu ne kawai, ai akwai su a hanyar Paiko." Wani ya ce, "Ƙarya ce, a kwamfuta suka haɗa. In gaskiya ne ina taurarin?" Wani kuma ya ce, "Mu da muke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru muna kwana a duhu, ina ruwanmu da wata?" Na ƙarshen nan maganarsa na da nauyi, kuma ba wata ya kamata ya ba shi amsa ba. Mai tambayar taurari kuwa amsarsa a kusa take. Da rana ake ɗaukar hotunan, ƙasar tana ƙyalli da hasken rana, kyamarar da aka saita don wannan haske ba za ta kama ɗan hasken tauraro ba. Shakkarsa ma ba aibu ba ce, irinta ce ta sa Rashawa neman shaidar Jodrell Bank a 1959. Abin da nake so ya ƙara shi ne ya bi shakkar har inda ake samun shaida, domin a yau ƙasashen da ke hamayya da juna suna leƙen kayan juna a can. Da kumbon Rasha Luna 25 ya faɗi a Agustan 2023, shekara 57 bayan Luna 9, kumbon Amurka mai kewaya wata ne ya ɗauko hoton ramin da ya bari. Kwana huɗu bayan faɗuwar, ranar 23 ga Agusta, Chandrayaan-3 na Indiya ya sauka lafiya.

Amma hoton da ya fi ba mutane dariya na Japan ne. Ranar Juma'a 19 ga Janairu, 2024, bayan la'asar agogonmu, kumbonsu mai suna SLIM yana saukowa, saura kamar mita 50 ya taɓa ƙasa, ɗaya daga cikin manyan injinansa biyu ya lalace. Ya ci gaba da saukowa da guda, ya isa ƙasa bai fashe ba, amma ya kife a kan hancinsa, injinsa na kallon sama, farantan sola suna kallon inda babu rana. Dab da sauka ya jefar da wasu 'yan na'urori biyu. Ɗaya a cikinsu, SORA-Q, nauyinta giram 250 ne, faɗinta santimita 8, kuma da hannun kamfanin kayan wasan yara na Takara Tomy aka ƙera ta. Ita ce ta buɗe, ta waiwaya, ta ɗauki hoton uban gidanta a kife, 'yar'uwarta ta aiko shi duniya.

Da kai ne shugaban hukumar sararin samaniyar Japan, ga hoton kumbonka ƙafa a sama, za ka nuna? Babu wani Lovell da ya tare shi a hanya, babu jaridar da ta riga su. Ranar 25 ga Janairu suka kira 'yan jarida suka haska shi da hannunsu. Duniya ta yi dariya, aka yi ta yawo da shi a Facebook da WhatsApp. Kaɗan ne cikin masu dariyar suka tsaya suka ji sauran bayanin. Kumbon ya sauka ne mita 55 kacal daga inda aka auna masa, bayan tafiyar da ta fi kilomita 380,000, a fagen da kumbunan baya kan yi kuskuren kilomitoci. Da rana ta juyo ta haska farantansa, bayan kwana tara, ya farka ya ci gaba da aiki. Ba a ƙera shi don jure sanyin daren wata ba, daren da ke ɗaukar mako biyu, amma sau uku yana shiga daren yana fitowa da rai.

A daren saukar, tun kafin a ga hoton, an tambayi shugaban cibiyar da ta ƙera shi, Hitoshi Kuninaka, maki nawa zai ba aikin. Ƙasarsa ta zama ta biyar a duniya da ta sauke kumbo a kan wata, bayan Tarayyar Sobiyet da Amurka da Sin da Indiya. Ya ce maki 60 cikin 100, an ci jarrabawa da ƙyar. Kai da ka ji yadda aka yi, mai karatu, nawa za ka ba su?